Kwanon da Aka Tsallake

Cikin halayen da ke cinye mutum yana zaune, babu mai naci kamar ƙuncin kai, wato mutum ya ɗauka inda saninsa ya tsaya, nan duniya ta ƙare. Mai wannan hali ba ya sata, ba ya ashar, jam'i ba ya wuce shi, shi ya sa ba a yi masa faɗa da wuri. Sai ya gama ɓarnarsa tsaf, sannan ya waiwayo yana neman mai gyara masa. Halin da ya ci Malam Inuwa na Gafasa ke nan. Kuma ba a gona ya ci shi ba, ba a kasuwa ba. A kan tabarmar ƙofar gidansa ya ci shi.

A unguwarsu ana ciyayya tun kaka da kakanni. Da an idar da magariba sai a shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gidan Malam Inuwa, kowane magidanci a fito masa da kwanon tuwonsa, a jera. Ba mai cin nasa shi kaɗai. A buɗe ɗaya a taru a kansa, in ya ƙare a jawo na gaba, ta haka ba a gane gidan da aka dafa da nama da gidan da aka kaɗa kuka tsurarta. Ƙa'idar wurin guda ce: babba ne ke ɗaga murfi, ya yi bismilla, ya fara sa hannu. Kwanon da babba bai sa wa hannu ba, ba wanda zai taɓa shi. Tun rasuwar mahaifinsu kuwa, Malam Inuwa ne babba.

Mata a cikin gida ba sa ganin abin da ake yi a waje, amma kwano yana kawo musu labari. Wadda nata ya dawo a suɗe, ta kwana da sanyin rai. Wadda nata ya dawo da saura, ta san da gyara. Ba a taɓa jin wanda ya koma yadda ya fito ba.

Malam Inuwa ƙaninsa ɗaya ne tak, Uthman. Uwarsu ta rasu Uthman bai iya ɗaure wando ba, don haka a wuyan yayansa ya girma. Kwano ɗaya suke ci, in tsoka ɗaya ce a ciki, Inuwa ya tura masa ita gabansa ya yi kamar bai gani ba. Da Uthman ya tasa sai ya bi 'yan goro zuwa Shagamu, ya zauna can, ya yi aure, sai dai saƙon gaisuwa da goron salla. Shekaru suka tura, ƙarfi ya fara ja baya, ya aiko cewa zai dawo gida su noma gandun ubansu tare. Ranar da motar kayansa ta tsaya a ƙofar gida, Malam Inuwa ya rungume shi yana share ido da hannun riga. Ya yanka akuya. Ya ba shi sashen gabas, wanda ya sa aka yaɓe aka yi wa sabon rufi.

Uthman ya zo da matarsa Adawiyya da 'ya'yansu, babbar cikinsu Zulfa. Adawiyya ubanta Bahaushe ne mazaunin can, uwarta Bayarabiya, kuma a hannun uwar ta tashi. Hausarta da ɗan karkata, har matan gida kan rufe baki da mayafi in tana magana, ita ma ta taya su dariya. Mace ce mai son a ce ta kyauta.

Kwanakin farko baƙi ne, Kulu matar Malam Inuwa ke ciyar da su. Da Adawiyya ta ɗora tukunyarta, sai ta ce girkin farko na Yaya ne. Ta kwance garin doyar da ta taho da shi tun daga Shagamu, wanda ta hana 'ya'yanta taɓawa, ta tuƙa amala. Ta kaɗa koriyar miya mai yauƙi, ta soya jar miya da manja da attaruhu ta zuba a kai. Ta sa a sabon kwano mai murfi, mai zanen jan fure. Uthman da kansa ya ɗauko ya dire a gaban yayansa, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Malam Inuwa ya ɗaga murfin, ya leƙa, ya ja kai baya.

"Wannan fa?"

"Amala ce, Yaya. Can ita ake yi wa babban baƙo. Ta ce kai za ka fara."

"Tuwo baƙi kamar an tuƙa da toka? Jan man nan da ke iyo a kai kuma na injin niƙa ne?"

Aka yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba.

"Ɗanɗana ka ji, Yaya."

"Mu nan dawa muka sani da gero. Abin da ubanmu bai ci ba, ba da furfura zan fara cinsa ba." Ya mayar da murfin, ya ture kwanon da bayan hannu. "Miƙo na gaba."

Adawiyya tana tsaye bayan ƙofar zaure tana jira. Da mijinta ya miƙa mata kwanon ba ta buɗe ba. Nauyinsa a hannunta ya gaya mata komai.

Ba ta yi fushi ba. Ta ce laifinta ne, ta kawo wa mutane abin da ba su saba ba. Washegari ta tuƙa tuwon dawa ta kaɗa kuka, sai dai hannu ya saba, ta ɗiga manja. Malam Inuwa ya leƙa ya ce hannun Kurmi ba ya ɓuya, ya ture. Ta daina manjan, ya ce yaji ya yi yawa, alhali ko yatsa bai sa ba. Daga nan ma ya daina ɗaga murfin. Da ya hango jan furen nan sai hannunsa ya tsallake shi ya kama na kusa, sauran dattawa su sunkuyar da kai. Waɗansunsu har yawu suke haɗiya, don ƙamshi ba ya jiran izinin kowa, amma babba bai sa hannu ba.

Wata rana Kulu ta tare shi a tsakar gida.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Miyar yau ni na kaɗa ta da hannuna, ita tuwo kawai ta tuƙa."

"To ki zuba a kwanonki."

"Au, ashe ba da abincin kake faɗa ba?"

"Kulu, ki fita daga maganar maza."

"Ai maganar ta bar wurin maza tuni. Jeka bakin rijiya ka ji. Cewa ake tana zuba wani abu a girki, shi ya sa ka ƙi ci. An hana yara karɓar ko ƙuli daga hannunta."

Ya ce shi bai aiki kowa ya faɗi haka ba. Gaskiya ne, bai aika ba. Amma wanda ya ture kwano a gaban jama'a ya riga ya gama magana, sauran mutane ƙarasa masa kawai suke yi.

Haka aka yi damina guda. Agwagin gidan suka yi ƙiba da tuwon Adawiyya, ita kuwa zane ya fara yi mata yawa. Da aka gama kai amfani rumbu, Uthman ya sami yayansa shi kaɗai a zaure yana gyaran ƙotar fartanya.

"Yaya, loma ɗaya nake roƙo. Ko ba ka haɗiye ba. Ka sa hannu kawai mutane su gani."

"A kan mace za ka tsayar da ni, Uthman?"

"A kan gidana ne. Kwanon nan ni ne, Yaya. Ni kake turewa kullum."

"Kurmi ta canza ka."

"Ta canza ni. Na ci abincin mutanen da ba su san sunan ubana ba, ba wanda ya taɓa ture ni."

Malam Inuwa ya ci gaba da buga ƙota. Da ya ɗago kai a lokacin, da labarin nan bai kai ga kunnen kowa ba. Bai ɗago ba.

Uthman ya kwashe iyalinsa ya koma Gaya, ya kama haya, ya kafa teburin goro kusa da tasha. Bai yanke zumunci ba. In an yi rasuwa yana zuwa, in an yi salla yana zuwa, ya durƙusa ya gaida yayansa a zaure. Amma kafin magariba ya hau babur ya tafi. Bai ƙara zama a tabarmar nan ba, ko ruwan gidan bai ƙara sha ba.

Da fari Malam Inuwa cewa yake zai gaji ya dawo. Damina ta zo, rabin gandu ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ƙarangiya da ƙaya suka cinye gefen da Uthman ke nomawa. Sashen gabas yana kulle, zana ta zube, gara ta hau ƙofa. Duk ƙarar babur da ya ji ta rage gudu a bakin layi, sai ya tsayar da lomarsa ya saurara, har ta wuce. Akwai wani gurbi a tabarma, ta hannun damansa, inda ba wanda yake zama, shi kuma bai taɓa cewa kada a zauna ba. In aka ci sa'a da nama a miya, sai ya tsinci yatsansa yana tura tsoka wajen gurbin nan, ya tuna, ya janye hannu.

Tabarmar ma ta fara tsukewa. Samarin da suka yi aure suka daina fito da kwano. Wanda ya auro daga Haɗeja ya ce matarsa ba ta jin daɗi, wanda ya auro daga cikin birni ya ce shi a wurin mai shayi yake ci. Kowa tsoro yake kada a ture na matarsa. Aka bar tsofaffi suna cin tuwo shiru, sai ƙarar haɗiya.

Ana nan ƙafafunsa suka fara kumbura, kai yana sara. Aka kai shi asibiti a Gaya, likita ya ce jininsa ya hau, ya rage gishiri, kuma kullum da safe ya taka ƙasa ya yi tafiya. A hanyar komawa, adaidaita sahun da ya ɗauko shi ya bi ta tasha. Nan ya hango Uthman ta baya, ya sunkuya yana yayyafa wa ganyen goro ruwa. Ƙeyarsa ta yi fari fat. Yaushe yaron nan ya yi furfura? Bakin Malam Inuwa ya buɗe zai ce a tsaya, sai ya ga in ya sauka gida za a kai shi, in an kai shi gida kwano za a ajiye masa. Ya bar mai adaidaita ya wuce har suka fita gari.

Cikin masu zuwa dubiya har da Gaji na Toranke, abokinsa tun na ƙuruciya, tsohon direban babbar mota. Gaji Babarbare ne, Malam Inuwa kuwa kakarsa Bafillatana ce, don haka tsakaninsu ba a gaisuwa sai da tsiya.

"Kai bawana, an ce za ka mutu ba ka nemi izinina ba?"

"Wa ya bar wannan Babarbaren ya shigo mini gida? Kulu, ɓoye gishiri."

Suka yi dariya, suka taɓa hira. Can Gaji ya dubi sashen gabas, ya dubi abokinsa, ya daina wasa.

"Inuwa, ciwonka ba a ƙafa yake ba. Kai tunda aka haife ka hanya ɗaya kake bi: gida, masallaci, gona. Ko jaki in an sake shi yakan leƙa wani lungu. Likita ya ce ka yi tafiya, ni kuma ga nawa maganin. Kada ka bi hanyar da ka bi jiya. Wanda ka tarar, ka tambaye shi abin da yake yi, ka rufe bakin nan naka har ya gama. In an miƙo maka abu, ka karɓa ka kai baki."

"Yaro ka mai da ni?"

"Ina ka kai yaro? Yaro komai ya samu sai ya ɗanɗana."

Malam Inuwa ya yi tsaki. Amma da asuba ta yi, ya fito daga masallaci da sandarsa, sai ya tsaya a mararraba. Dama hanyar gona ce. Ya daɗe a tsaye, sannan ya yi hagu.

Kada wani ya ɗauka abin ya zo da sauƙi. Kwanakin farko da ɓacin rai yake dawowa. Ya tarar da masu noman rani suna ban ruwa da injin da hasken rana ke tayarwa, kafin su gama bayani ya katse su ya ce a zamaninsu da guga ake yi, kuma ba wanda ya mutu. Da ya juya sai ya tuna sharaɗin Gaji, ya ji haushin kansa. Washegari ya koma ta wata hanyar ya same su, ya cije leɓe har suka kai aya. Ya bi ta burtali ya iske makiyayan da ya shekara yana zargi da cinye masa wake, ya zauna a kan turmi, suka nuna masa inda gonaki suka cinye hanyar shanu har ta koma kamar zare. Wani gefen kuwa gonarsa ce ta cinye shi. Suka miƙo masa ƙwaryar kindirmo, ya sha. Ya gaida mai kemis ɗin bakin titi, mutumin da ya shekara goma sha yana amsa wa sallama da ka, ya ji ashe shi ma yana da tsohuwa a garinsu da take ciwon ƙafa irin nasa.

Kullum abu kaɗan. Wata rana ma ba komai, sai gajiya da ƙaiƙayi a ƙafar wando. Amma ya lura da wani abu: duk wanda ya bari ya gama magana, in sun rabu sai ya ji ya kasa jin haushinsa kamar da.

Wata ranar kasuwa Gaji ya zo da babur ya ɗauke shi zuwa Gaya. Bai tsaya ko'ina ba sai wata rumfa a bayan tasha, inda wata dattijuwar Bayarabiya da kowa ke kira Iya take sayar da abinci.

"Iya, ga wani Bafillace na kawo miki, bai san komai ba sai nono. Zuba masa amala."

Aka dire masa. Baƙin tuwo, koriyar miya, jan mai yana iyo. Kamar an ɗauko kwanon nan ne daga shekarun baya aka ajiye masa. Ya rasa abin yi, sai ya yi abin da ya saba yi kowace safiya: ya yi tambaya.

"Baiwar Allah, wannan koren, ganyen mene ne?"

Iya ta sa hannu a kwando ta ɗago damin ganye ta miƙa masa. Ya juya shi, ya murza, ya shinshina.

Lalo ne. Lalon da ke fitowa da kansa a kuyyar gonarsa, wanda Kulu ke tsinkowa ta shanya a kan rufi.

"Ƙamshin nan kuma?"

"Daddawa mana, Baba. Ta kalwa. Daga wajenku ma ake kawo mana."

Ya yi bismilla ya sa hannu. Yaji ya shaƙe shi, ya kama tari, hawaye suka zubo, Gaji yana buga cinya yana dariya yana cewa a kawo wa bawansa ruwa. Aka kawo, ya sha, tarin ya tsaya. Hawayen ne ba su tsaya ba. Gaji ya dube shi, ya bar dariyar, ya juya yana kallon titi.

Daga ranar, duk kasuwa sai ya je rumfar Iya. Ta bayan gari yake zagayowa, ya ja hula har gira, don teburin Uthman ba nisa. A gida kuma tabarma ta ga canji. Kowane kwano aka kawo sai ya buɗe ya sa hannu, ya tambayi yadda aka yi shi, ya ce a gaida mai girkin. Har ya kan ce wa ƙaramin cikinsu ya ɗaga murfi yau. Samari suka fara dawowa da kwanukansu ɗaya bayan ɗaya, aka ga dambun shinkafa, aka ga taliya da manja, ya ci duka. Gurbin hannun dama ne kawai yake nan yadda yake.

"To yaushe za ka je wurin Adawiyya?" in ji Kulu.

"Bari in iya ci ba tari. In na yi tari a gabanta cewa za ta yi ƙyama ce."

Da ya iya ci ba tari, ta sake tambaya.

"Hannu rabbana zan je mata? Bari ruwa ya sauka lalo ya fito. Na gonarmu zan tsinka da hannuna in kai mata, in ce ta kaɗa mini."

Ruwa ya sauka, lalo ya fito, ya tsinka ya shanya ya cika buhu. Sai ya ce bari a gyara sashen gabas tukuna, don in ya je ba zai dawo shi kaɗai ba. Ya sa aka kori gara, aka yaɓe bango, aka kafa sabuwar zana. Yakan shiga da hantsi ya tsaya a tsakar sashen, yana ganin inda za ta kafa murhu, yana jin Hausarta mai karkata tana kiran Zulfa. Ya shirya maganar da zai faɗa, ya maimaita ta a hanyar gona har ya haddace. Sannan ya ce bari a yanke dawa, ya haɗa mata da sabuwa.

Duk wannan jinkirin sunansa shiri a bakinsa. Amma ragowar girman kai ne. Ya koyi sauraron baƙo, ya koyi cin abincin baƙo, abin da bai koya ba shi ne durƙusa wa na gida.

Yana cikin tafiyar safe, ta wata hanya da ke bi ta bayan makarantar firamare, wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Muryar Uthman ce.

"Yaya, Adawiyya lokaci ya yi. Jiya ta kwanta da zazzaɓi. Da hantsi za a kai ta."

Ya tsaya riƙe da sanda a tsakiyar hanya, har mai amalanken shanu ya yi ta yi masa magana bai ji ba.

Ya je, aka yi salla da shi, ya kama makara, ya zuba ƙasa. Kwanakin zaman makoki yana gefen ƙaninsa. Abinci yana ta shigowa daga maƙwabta, kowane kwano aka buɗe sai ya duba, ko da ya san wanda yake nema ba zai fito ba. Da mutane suka watse, suka rage su biyu a ƙofar gida bayan magariba, sai ya ce a kira masa Zulfa. Ta fito, ta zama budurwa, fuskar uwarta sak. Ta durƙusa nesa da shi.

"Zulfa, alfarma nake nema. Abincin nan na mahaifiyarki, baƙin tuwon nan da miyar lalo. Ki tuƙa mini in ci a gidan nan."

Ta dubi ubanta, ta sunkuyar da kai.

"Baffa, ban iya ba. Tunda muka baro Gafasa Mama ba ta ƙara tuƙa shi ba. Ta ce shi ya raba Baba da ɗan'uwansa, ba ta son mu koya."

Ta tashi ta shiga ciki. Ta dawo da kwano mai zanen jan fure, furen ya koɗe, gefen ya ɓantare. Ta ajiye a gabansa. Ya ɗaga murfin. Ƙullin garin doya ne a leda, an ɗaure bakinsa tam.

Uthman ya ce, "Iya ta gaya mata kana zuwa rumfarta. Tun zuwanka na farko ta sani. Har leƙa ka ta taɓa yi ta bayan zana, ta dawo tana dariya, ta ce Yaya ya iya lanƙwasa loma. Ranar ta sayi garin nan ta ajiye. Ta ce ranar da ka shigo da ƙafarka za ta tuƙa. In ya fara tsufa ta bayar, ta sayo sabo. Duk ranar kasuwa da wuri take share zaure."

Maganar da Malam Inuwa ya haddace a hanyar gona ta gudu, ko kalma ɗaya bai samu ba. Da ƙyar ya ce, "Ka yafe mini. Ku dawo gida. Na gyara sashen."

"Na yafe, Yaya. Ita ma ta yafe, da bakinta ta faɗa ba sau ɗaya ba. Amma komawa kam a'a. Nan kabarinta yake. Yaran nan kuma ba abin da suke tunawa da Gafasa sai uwarsu tsaye a bayan ƙofa tana karɓar kwano."

Malam Inuwa ya dubi kwanon. Can ya ce ko za a bar masa kwanon ya tafi da shi.

Zulfa ta matso a hankali, ta mayar da murfin, ta ɗauke shi ta rungume a ƙirji.

"Ka yi haƙuri, Baffa. Na Mama ne."

Malam Inuwa yana nan da rai. Har yau in ya fito daga masallaci da asuba yakan tsaya a mararraba ya zaɓi hanyar da bai bi jiya ba. Yana sauraron mutane har su gama. A tabarmarsa ba a ƙara ture kwanon kowa ba, kuma matan unguwa suna sa masa albarka. Ya gyaru, ba mai musun wannan.

Amma ga abin da gyaran bai dawo masa da shi ba. Ƙaninsa, wanda ya girma a wuyansa, yana Gaya, kuma can zai tsufa. 'Ya'yan ƙanin suna gaishe shi daga nesa kamar baƙon ubansu. Rabin gandun ubansu ya koma saura, ba mai nomawa. Sashen gabas yana nan da sabuwar zana, ba kowa a ciki sai buhun lalo da ke rataye yana zama gari. Matar da ta ɗauko garin doya tun daga Shagamu don ta girmama shi tana ƙarƙashin ƙasa, bai taɓa sanin ɗanɗanon hannunta ba, ba kuma zai sani ba. Loma ɗaya aka roƙe shi.